Dalar kasuwa da dalar Amurka, wace ce ta haifi wata?

Mai Gyaran Waya, Kasuwar Dole

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga waɗanda suka yi karatun Ingilishi ce, da kuma dattawanmu masu riƙe da tarihi. Kalmar nan ta Turawa, dollar, ita ce dalar da muke ƙirga kuɗi da ita a nan Damagaram, ko kuwa kamannin furuci ne kawai?

Sana'ata gyaran waya. Gilashi da batir da bakin caji yawancinsu daga ƙasar Sin suke zuwa mana, ta hannun wani ɗan uwanmu mai kai da kawowa, kuma duk farashin da zai rubuto mini da dollar yake rubuta shi. In ya ce gilashin waya kaza 20 ne, na san maganar kusan jikka 12 ake yi. To rannan na ce wa yaron shagona gilashin nan dala ashirin muka saye shi. Yaro ya ɗauka tamma 100 na sefa nake nufi, ya kuwa faɗa wa mai wayar haka. Mutum ya zo da faɗa, wai abin dala ashirin za mu karɓi jikka 15 a hannunsa. Sai da maƙwabtan shago suka sa baki.

Mu dai yadda muka tashi muka tarar, dala tamma 5 ce. Dala biyar 25, dala goma 50, dala ashirin 100, dala ɗari 500, in ta kai ɗari biyu ta zama jikka. A rediyo kuma sai ka ji an ce an ciwo bashin dala miliyan kaza, kowa ya san ba tamu ake nufi ba. Ina son a warware mini: daga ina kalmar ta fito a Ingilishin kansa, kuma ta yaya kuɗin da ya fi kowane tashe a duniya da ɗan ƙarfen da ba ya sayen ko ashana a kasuwarmu suka tashi da suna ɗaya? Allah ya saka wa duk wanda ya amsa.

Ɗan Fagge

Wa alaikumus salam. Ni Badamagare ne amma a Kano na girma. Abin da na taɓa ji wajen wasu mutane shi ne daga Dutsen Dala sunan ya fito, tunda a gindin dutsen ne maƙeran farko suka zauna suna narka tama. Ko haka ne, masana za su faɗa.

Abin da zan iya shaida shi ne tsofaffin Kano su ma suna da dala, amma tasu ba biyar ba ce. Sule biyu ce, wadda wasu ke kira fataka. Da aka kawo naira a 1973 sai ta koma kwabo 20. Jaka kuma a can fam 100 ce, wato naira 200, har yanzu ƴan kasuwar dabbobi da ita suke ciniki. Ka ga suna ɗaya, kuɗi daban, tsakanin garuruwa biyu da mota ke haɗawa a wuni guda.

Tsohon Mushe, Birni

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana mai gyaran waya, Allah ya yi maka albarka. Ingilishi na koyar a kwalej har na ajiye alli, kuma wannan kalma tana cikin waɗanda nake son tsayawa a kansu in ajin ya natsu.

Ɗan Fagge, Dutsen Dala mu ajiye shi gefe. Tarihin Kano ya ce sunan mutum ne da ya zauna a kan dutsen, kuma baƙin ƙarfe aka narka a wurin, ba azurfa ba. Kuɗin Kano a zamanin da wuri ne. Amma maganarka ta sule biyu daidai take, zan dawo kanta.

Kalma ɗaya ce, ɗana. Kuma ba Amurka ce ta haife ta ba, ba Ingila ba. A 1516 aka gano azurfa mai yawa a wani kwari cikin duwatsun Bohimiya, ƙasar da yau take cikin Jamhuriyar Cek, dab da iyakar Jamus. Mutanen yankin Jamusanci suke ji. Masu haƙa suka yi ta kwarara, ƙauye ya zama gari, aka raɗa masa suna Joachimsthal. Joachim shi ne sunan da Kiristoci ke kiran mahaifin Nana Maryamu, wanda mu muka sani da Imrana, thal kuma kwari ne. Masu sarautar wurin, gidan Schlick, wajen 1520 suka fara buga wani faffaɗan kuɗin azurfa mai nauyin kusan giram 29, hoton Joachim a fuska ɗaya, zaki a ɗayar. Ana ce masa Joachimsthaler, wato ɗan kwarin Joachim, yadda za ka ce ɗan Mirya ko ɗan Magarya. Sunan ya yi wa bakin ƴan kasuwa tsawo, suka yar da farkonsa suka riƙe ƙarshen: thaler. Ma'anarsa ɗan kwari, shi ke nan. Ingilishi ma yana da tsohuwar kalmar kwari, dale, tushensu ɗaya.

Azurfar mai kyau ce, nauyin ba ya wasa, sai aka amince da kuɗin. Sarakunan Jamus da na maƙwabta suka shiga buga nasu a kan wannan girman, kowanne ana ce masa thaler. Mutanen Holan da na arewacin Jamus suna furta shi daler ko daalder, kuma daga bakinsu Ingilishi ya ɗauka a tsakiyar ƙarni na 16, rubutun ya daidaita a kan dollar. Shakespeare ma ya sa kalmar a wasansa Macbeth, inda aka ce an biya dollar dubu goma. A lokacin nan babu wata ƙasa mai suna Amurka. Ga Baturen Ingila na wancan zamani, dollar na nufin duk wani babban kuɗin azurfa na wata ƙasa, mai cika tafin hannu. Riƙe wannan ma'anar, domin ita ce ta biyo hanya har ta iso mana.

Mutanen Sifaniya suna haƙar azurfa a Meziko da Potosi (cikin Bolibiya ta yau), suna buga wani kuɗi mai darajar real takwas. Su peso suke ce masa, masu jin Ingilishi kuma suka ce Spanish dollar, tunda girmansa na thaler ne. Shi ne ya cika aljihun Turawan da suka zauna a gabashin Amurka, domin kuɗin Ingila ba ya isarsu. Da suka ƙwaci kansu, majalisarsu a 1785 ta zaɓi dollar, sunan abin da dama yake hannun jama'a. Dokar buga kuɗi ta fito a 1792, aka buga na azurfa na farko a 1794, kuma na Sifaniya bai daina karɓuwa a hukumance ba sai 1857. Ka ga su ma aro suka yi.

Yanzu mu zo gida. Sarauniyar Ostiriya, Mariya Teresa, an fara buga thaler da hotonta a 1741. Ta rasu a 1780, amma ƴan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da Sudan sun riga sun saba da fuskarta, ba sa karɓar wani. Sai aka ci gaba da buga shi da shekarar 1780 ba a canzawa, a Biyana, babban birnin Ostiriya, da wasu biranen, har da Roma da Landan da Bombai a ƙarni na 20. Wannan azurfa ita ce ayarin Tarabulus ke saukowa da ita ta Gadamas da Gat da Agadas, su sauka a Zango, su koma da fata da gashin jimina da hauren giwa. Zamanin Sarki Tanimun, da Damagaram take kan ganiyarta, wuri ne kuɗin cefane, azurfa kuma kuɗin babban ciniki da ajiya. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa garin nan a ƙarshen 1852, ya rubuta cewa a Kano ana ba da wuri 2,500 a kan azurfa ɗaya. Kakanninmu liyari suke ce mata, daga riyal na Larabawa, wanda shi kuma daga real ɗin Sifaniya ya fito. Barebari suna cewa gursu.

Sunan dala kuwa, siffarsa ta nuna daga bakin Turawan Ingila ya shigo Hausa. Su ba sa furta r ɗin ƙarshen kalma, shi ya sa muke da mota, da tela, da lauya, da kafinta, da gwamna, da masinja, dukkansu a rubutun Ingilishi da r suke ƙarewa. Wasalin o ɗinsu kuma wani lokaci kunnenmu a yake jin sa, kamar a asibiti da dakta. Da daga Faransawa muka ji, da dolar za mu ce, domin su suna furta r ɗin. A ganina ta kudu sunan ya hauro, daga fataken bakin teku da na Kwara zuwa Kano, daga Kano zuwa nan, kan hanyar da goro da tufafi suke bi.

Da Faransawa suka kama garin nan a 1899 suka ce haraji da kuɗinsu za a biya. Babban ƙarfensu shi ne na faran 5, wato tamma 5, azurfa ce mai giram 25. Liyari giram 28. Dalar Amurka ta azurfa kusan 27. In ka jera su a kan tabarma, faɗinsu ya kusa zama ɗaya. Mutanenmu suka ga babbar azurfa, suka kira ta da sunan babbar azurfa. A Kano kuma babban ƙarfen da ya fi yawo a hannun jama'a zamanin Ingilishi shi ne na sule biyu, sai sunan ya sauka a kansa. Ɗan Fagge, ga amsar bambancin da ka gani.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko kuɗin Faransa ya faɗi, tsohuwar azurfar ta ɓace daga kasuwa. Aka ƙirƙiro sefa a Disamban 1945, aka karya darajarta da rabi a Janairun 1994. Ƙarfen ya yi ta ƙanƙancewa har ya zama ɗan rawayan nan mai kan barewa, amma sunan ya tsaya a kan biyar. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Zabarmawa dala suke cewa. Bambarawa a Mali da Wolof a Senegal suna ƙirga da dirhami a furucinsu, mutanen Cadi da riyal, kuma duka tamma 5 ake nufi.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Na sha ganin an kunyata yaro a lakwal don ya ce dala ashirin maimakon ya faɗi 100 da Faransanci, a ce masa lissafin ƙauye ne. Wannan zalunci ne. Matar da ke sayar da ƙosai a bakin Birni tana ganin 500 a rubuce a jikin takarda, bakinta na cewa dala ɗari, ta cire dala talatin da biyar ta ba ka canjinka ba ta yi kuskure ba. Ninkawa da rabawa da biyar take yi a ka, tun safe har rana ta take. Yaronka da ya ji dala ashirin ya ce 100, Hausar garinsu ya ji, kuma ya ji ta daidai. Kada ka tsawata masa.

Hajiya Mai Atamfa, Zango

Malam, Allah ya ƙara sani, ya ja da kwana. Ina karanta bayaninka na tashi na buɗe fantimoti. Akwai liyarin kakarmu da ya faɗo a rabon mahaifiyata, an maƙala masa ƴar zobe a sama aka zura a tsakiyar murjani. Mace ce mai jiki da lulluɓi a kai, a baya tsuntsu mai kai biyu ya buɗe fukafukai, kuma 1780 ne a rubuce kamar yadda ka ce.

Mahaifiyata ta nuna mini yadda tsofaffi ke gwada shi. Akwai wani ɗan maɓalli a kafaɗar matar mai ƙananan ɗigo a kewaye. Da babban yatsa ake shafawa, in ɗigon sun goge sai a ce kuɗin ya ci hannu, a rage masa daraja. Sannan a sake shi a kan dutse a saurari ƙararsa, ta azurfa daban take da ta dalma. Da yawan liyarin maƙera ne suka narkar da su, suka zama awarwaro da zobba da ƴan kunne. Matan da ba su da banki, abin da ke wuyansu shi ne ajiyarsu, ranar da fari ya zo a cire ɗaya a sayi hatsi.

Ni kuma abin da zan ƙara, dalar ma kanta ta ɓace. Muna yara dala ɗaya tana sayen ƙuli-ƙuli ko alewa, a aike ka da dala biyar ka dawo da kayan miya. Yau ka zaga Kasuwar Dole ranar Alhamis ka nemi abin dala ɗaya. Ƙaramin ciniki daga dala biyar yake farawa, in canjin dala biyu ya rage mai tebur ya miƙo maka alewa ko ya ce a yafe. Jikokina akwai wanda bai taɓa riƙe ƙarfen dala ba, amma in ka tambaye shi kuɗi zai ce maka ba shi da ko dala.

Maganar lakwal kuwa, Malam, ina bayanka, sai dai matsalar ta juya yanzu. Yaran da ke makarantun kuɗi da Faransanci kaɗai suka iya ƙirga. Ka aiki yarinya ta sayo abin dala ɗari uku, ta tsaya tana kallon mai kaya, ba ta san 1,500 ake nufi ba. A shagona ba macen da za ta taya turmi da tamma. Jikka takwas, jikka goma da rabi, a rage mini dala ɗari, haka ake ciniki. Ya kamata malamai su zaunar da yara su koya musu duka biyun a kan allo, ba a bar wa kaka a gida ba.

Ɗana mai waya, ka yi haƙuri da mutumin nan. Wanda aka ce wa dala ashirin sannan aka nemi jikka 15, dole ransa ya ɓaci.

Ɗan Canji

Salamu alaikum. Baba Mushe ya gama magana a kan asali, ni abin da nake gani a hannu zan faɗa, tunda tsakanin nan da Wapa ta Kano nake neman abincina.

Na farko, ba duk takardar da aka rubuta wa dollar ce dalar Amurka ba. Kanada dollar take kashewa. Ostireliya ta bar fam ta koma dollar a 1966. Akwai ta Hongkon, da ta Singafo, da ta Laberiya, da ta Namibiya, kowacce da darajarta, wata ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na ta Amurka ba. An taɓa kawo mini takardar Zimbabuwe mai sifili goma sha huɗu, dollar tiriliyan 100, wadda suka buga lokacin da kuɗinsu ya lalace a 2008 zuwa 2009. Bawan Allah ya ba da kuɗinsa na gaske ya karɓe ta a hanya. Da na ce masa ba ta kashuwa, zama ya yi a ƙasa. Wanda zai karɓi takarda ya duba sunan ƙasar da ke sama tukun. Haka masu zuwa da baƙaƙen takardu a jaka su ce dollar ce aka shafa wa baƙi, a kawo kuɗin maganin wankewa. Damfara ce tsagwaronta, babu wata dollar da ake wankewa.

Na biyu, ko ta Amurkan ma a kasuwa ba farashi ɗaya take ba. Takardar 100 mai hoton Benjamin Franklin iri uku ce a hannun mutane: tsohuwa mai ƙaramin kai, mai babban kai da ta fito a 1996, da sabuwa mai shuɗin zare ta 2013. Hukumar Amurka ta ce dukkansu suna aiki, amma mu a nan mai ƙaramin kai da ragi muke karɓa, don wanda za mu kai wa ma da ragi zai karɓa. Ƙananan takardu irin na 1 da 5 da 10 su ma ba a saye su a farashin ta 100. Maniyyata su kula da wannan in suna haɗa guzuri.

Na uku, mai gyaran waya, in ka ga farashin gilashinka ya motsa alhali mutumin Sin bai ƙara komai ba, ba laifin ɗan uwanka ba ne. Sefa a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya tamma 655.957, ba ya gaba ba ya baya. Yuro da dollar kuwa kullum suna hawa da sauka a junansu, mu kuma muna bin yuro. A shekarun nan dollar ɗaya tana yawo ne a kusa da tamma 600, wato wajen dala 120 tamu.

Mu a sana'a ba ma barin maganar a buɗe. Ko mu ce dalar Amurka, ko mu ce dolar da r yadda masu Faransanci ke faɗa. In aka ce dala kawai, ta gida ce. Ka koya wa yaronka haka, rigima ta ƙare.

Mai Gyaran Waya, Kasuwar Dole

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, na ji, kuma mun shirya da mutumin. Baba Mushe, saura kaɗan. Alamar nan mai kama da S da sanda a tsakiya, daga ina take, tunda babu S a farkon dollar? Me ya sa suke sa ta gaban lamba amma in za su faɗa lambar ce ke fara fitowa? Sannan a wasu saƙonni da bidiyon gyaran waya da nake kallo a YouTube ina jin suna cewa bucks, ba sa cewa dollar. Wani kuɗin ne daban?

Tsohon Mushe, Birni

Ɗana, alamar daga peso take, kuɗin Sifaniyan da na ambata. Ƴan kasuwar Amurka na ƙarshen ƙarni na 18 suna taƙaita pesos a littattafansu da p da ƙaramar s a samanta. Hannu na sauri, s ta hau kan sandar p, cikin p ɗin ya ɓace, aka bar $. Wannan shi ne bayanin da masu binciken tsofaffin takardun ciniki suka fi yarda da shi. Shi ya sa har gobe Meziko da Ajantina da wannan alamar suke rubuta peso ɗinsu. Ka haɗa wannan da gargaɗin ɗan canji: alamar kaɗai ba ta isa shaida ba. In kana son magana ta fita sarai, ka sa ɗan uwanka ya riƙa rubuta USD.

Sa alama a gaba al'adar rubutun Ingilishi ce, haka suke yi wa fam ɗinsu. A rubuta $20, a karanta twenty dollars. Faransawa kuma a baya suke sa ta. Akwai wata ƙa'ida da ɗalibaina ke yawan tuntuɓe a kanta. In kana faɗin adadin kuɗi, s ɗin jam'i tana nan: it costs twenty dollars. In kuɗin siffanta wani abu yake yi, s ta faɗi: a twenty-dollar screen. Dollar ɗaya kuma cent 100 ce.

Buck ba wani kuɗi ba ne, dollar ce a bakin titi. Asalin kalmar namijin barewa ne, kuma bayanin da aka fi sani shi ne fatar barewa ta taɓa zama ma'aunin ciniki tsakanin Turawa da ƴan asalin ƙasar a dazuzzukan Amurka. Mu da garinmu ya yi suna da fata da dukanci, wannan ba zai ba mu mamaki ba. Za ka iya cewa bucks da abokin ciniki a waya, amma kada ka rubuta shi a takardar oda. In ka ji grand, dubu ake nufi. Greenback kuma daga koren bayan takardun da suka buga lokacin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865.

Biyar ɗin nan ma ba mu kaɗai ta bi ba. A 1804 Bankin Ingila ya sake buga hatiminsa a kan azurfar Sifaniya ya rubuta mata sule biyar, kuma har zuwa ƙarni na 20 talakan Landan in ya ce dollar sule biyar yake nufi, half a dollar kuma sule biyu da sisi. A Tanzaniya ƙananan motocin haya daladala ake ce musu, daga dala, sunan da suke kiran sule biyar, kuɗin motar a da.

Hajiya, ki adana liyarin nan, kada a kai wa maƙeri. Kwarin da sunan ya fito yana nan, Jáchymov suke ce wa garin yanzu. Bayan azurfar ta ƙare, baƙin dutsen da masu haƙa ke zubarwa shi ne masana kimiyya Marie Curie da mijinta suka tace suka gano sinadarin radiyom a 1898, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu yuraniyom aka riƙa haƙa a wurin ana kai wa Tarayyar Sobiyat, irin wanda ake haƙa a Arlit tun 1971.

Abu na ƙarshe, ɗana, kuma ya fi duk sauran shafar aljihunka. Lakwal ɗinmu ta koya maka rubuta lamba irin ta Faransa, waƙafi kafin ɓurɓushi, 2,50 na nufin biyu da rabi. Ingilishi akasin haka yake yi. Aya ce ke raba ɓurɓushi, waƙafi kuma ke raba dubbai. In aka rubuto maka $2.50, dollar biyu da rabi ce, kusan dala ɗari uku tamu. In aka rubuto $2,500, dubu biyu da ɗari biyar ce, wajen miliyan ɗaya da rabi na sefa. Mutanen Sin tsarin Ingilishi suke bi a takardun farashi. Kafin ka tura kuɗi, ƙirga lambobin da ke bayan ayar ko waƙafin: in biyu ne, cent ne, in uku ne, dubbai ne.